Tambaya da Amsa: Dizain Sana'a Ce ko Wasan Yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bana na gama sakandare. Ina haɗa wa abokaina katin biki a waya da manhajar Canva, wasu har sukan ba ni na kati. Baba ya ce wasan yara ne, in nemi karatu na gaske. Shin mutum zai iya cin abinci da dizain? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ja da Baba, don abin da yake gani waya ce a hannunka dare da rana. Ka bari wata rana ku shiga kasuwar Sabon Gari tare, ka nuna masa allunan shaguna, da tambarin da ke jikin ledar fiyawata, da fostocin 'yan siyasa. Kowanne sai da wani ya zauna ya tsara shi, aka biya shi.

Shekara goma sha biyu ke nan ina wannan aiki a wata maɗaba'a, kuma abin da nake fara gaya wa yaran shagona shi ne iya manhajar zane irin su CorelDRAW ko Photoshop bai mai da kowa mai dizain ba. Aikin shi ne ka san abin da ido zai fara gani, da wanda zai biyo baya. A katin biki, sunan ango da amarya ne kan gaba, sai rana, sai wuri. Sabon shiga kuwa sai ya zuba kala bakwai da salon rubutu biyar, furanni ko'ina, a yi ta laluben ranar ɗaurin aure ba a gani ba.

Maganar karatu, ai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa: a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da dizain na masana'antu, inda ake ƙwarewa a zanen talla da na bugu, ko zanen yadi, ko tangaran. Garin nan ma ya daɗe da harkar. A 1939 aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya, kuma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da daga baya ta zama jami'ar. Ka faɗa wa Baba wannan. Kafin sakamakon JAMB ya fito, ka nemi wata maɗaba'a ka zama yaron shago.

A can za ka koyi abin da waya ba za ta koya maka ba. Allon waya da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuma da tawada huɗu, shi ya sa koren da ke walƙiya a wayarka yake fitowa a dushe a takarda. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuma an riga an matse shi, in ka buɗa shi a kan babbar bana sai fuska ta farfashe.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Salon rubutu da yawa ba su da su. Na taɓa buga kalandar biki ɗari biyar, ban duba ba, duk inda aka rubuta "ɗaurin aure" sai ɗan akwati ya zauna a madadin harafin farko. Daga aljihuna na sake bugawa, uwar amarya tana zaune a kan benci a ƙofar shago har bayan isha'i.