Kuɗin mai ɗaya gare ni, wanne zan saya wa ƙurajen fuska?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekarata 17. Ƙuraje sun cika min goshi da kumatu, wasu har da ruwa, in sun tafi su bar baƙin tabo. Mai kemis ya nuna min benzoyl peroxide da adapalene, ƙawata kuma ta ce in sayi man nan mai haɗi uku da ke gyara fuska cikin kwana biyar. Kuɗina ba su wuce na guda ɗaya ba. Wanne zan ɗauka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, na ƙawar taki ajiye shi tukuna. Juya kwalin ki karanta: in kin ga clobetasol ko betamethasone, sitiroyid ne, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, ba don ƙurajen balaga aka yi shi ba. Maganar kwana biyar gaskiya ce, kumburi zai kwanta, fuska ta yi fes. Amma bayan 'yan makonni ƙurajen kan dawo fiye da na da, fatar ta rage kauri ta riƙa saurin ƙuna, randa kika daina kuma ta ƙara rikicewa.

Tunda naki masu ruwa ne, benzoyl peroxide zan ce ki saya. Yana kashe ƙwayar cutar da ke zama a ramin gashi, kuma ƙwayar ba ta sabawa da shi yadda take sabawa da clindamycin, wani maganin kashe ƙwayar cuta, in an shafa shi shi kaɗai. Nemi mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari. Mai kashi 10 ƙuna da bushewa ya fi ƙarawa, ba warkewa ba. Ki fara da shafawa yau ki tsallake gobe, balle a hunturu. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: yana cinye launin tufafi. Bari ya bushe kafin ki sa hijabi, ki wanke hannu, matashin kai kuma ki sa masa farar riga.

Adapalene mai kashi 0.1 toshewar ramukan yake buɗewa, shi ya sa ya fi dacewa da ƙananan nan masu baƙin kai. Da dare ake shafa shi, kamar ƙwayar wake ga fuska duka. Yana son haƙuri: makonnin farko fuska kan ƙara ɓaci, sai mako 8 zuwa 12 ake ganin amfaninsa. Mai ciki ba ta shafa shi. In kuɗi sun samu, haɗa biyun ya fi: benzoyl peroxide da safe, adapalene da dare.

Tabo kuwa, matsa ƙurji ke ninka shi, lemon tsami da man goge baki su ƙara ƙona wurin. Man shafawa mai azelaic acid na taimakawa a kan tabon. Ƙurajen goshin nan, ki duba man kitso, sau da yawa shi ne ke gangarowa ya toshe fata.

Ki tabbatar akwai lambar NAFDAC a kwalin. In wata uku suka cika ba sauyi, ko ƙurajen suka zama manya masu zafi a ƙarƙashin fata, ki sa Mama ta kai ki wajen likitan fata, wannan ya fi ƙarfin na shafawa.