Wane harsashi ya dace da .375 H&H a farautar ɓauna?

Malam, ka ce kana da babbar bindigar farauta ƙirar .375 H&H, za ka farautar ɓauna a Tanzaniya, kana tambayar harsashi mai buɗewa (wanda kansa ke bajewa in ya shiga jikin dabba) ko dunƙulalle (wanda ke ratsawa ba tare da ya baje ba). Ɗauki duka biyun, masu nauyin giren 300, wato kusan giram 19, da gudun da ya kai ƙafa 2,500 a daƙiƙa.

Harbin farko na mai buɗewa ne, amma mai ƙwari irin Swift A-Frame ko Barnes TSX. Kafaɗar ɓauna ƙashi ne da jijiya. Harsashi mai laushi tarwatsewa yake kafin ya kai huhu, sai ka bar dabba da rauni cikin dogon ciyayi. Dunƙulallen kuwa na biyo baya ne, in ta juya maka ƙugu. Sai dai a cikin garke yakan ratsa ta ya sami wata. Giwa kam dunƙulalle kawai.

Kada ka cika albarushi don neman gudu. Zafin rana na ƙara matsi, kwanson harsashin ya maƙale a cikin bindiga daidai lokacin da kake buƙatar harbi na biyu. Gwada harsasan iri biyun a mita 50, ka tabbata wuri ɗaya suke sauka. Sannan ka tuntuɓi maharbin da zai yi maka jagora kafin ka saya, shi ya san dokar wurin.