Injin huda kankare yana juyawa amma dukansa ya yi sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai aikin wayarin ne a Pantami, Gombe. Ina da injin huda bango irin na SDS, wato wanda ake zura masa bakin huda ya kulle da kansa. Kwanan nan yana juyawa lafiya lau, amma dukansa ya yi sanyi, musamman da sassafe. Mai gyara ya ce iska ce ke zurarewa. Wace iska kuma, alhali da wuta yake aiki ba da kwamfuresa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mai gyaranka ya san aikinsa. Wuta ce ke juya motar injin, amma iska ce ke kai dukan. Ba daga waje take zuwa ba, a kulle take a cikin injin.

Idan aka kwance shi za ka ga silinda, bututun ƙarfe mai santsi. A cikinsa ta baya akwai fistin da motar ke kaiwa da komowa. A gabansa akwai dunƙulen ƙarfe wanda ba a ɗaure shi da komai ba, zamewa kawai yake yi. Su biyun ba sa taɓa juna, iska ce tsakaninsu. Toshe bakin famfon keke da yatsa ka danna, za ka ji iskar tana ture hannunka. To haka abin yake. Fistin ya matso, iskar ta matsu, ta harba dunƙulen ya daki wani guntun ƙarfe, shi kuma ya isar da dukan ga gindin bakin huda. Fistin ya ja baya, ya tsotso dunƙulen ya dawo. A ƙananan injina ana yin haka wajen sau 4,000 a minti ɗaya. Shi ya sa gindin bakin SDS, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975, yake da kwari-kwari: dole ya samu damar zamewa gaba da baya. Wasan da yake yi ba lalacewa ba ce.

Abin da ke tsare iskar nan zobban roba ne da ke jikin fistin da dunƙulen, sai giris. Zoben ya cinye ko ya bushe ya tsage, iska ta sulale ta gefe, motar na ta ihu amma duka babu ƙarfi. Ƙurar bulo da siminti ce babbar mai cinye su.

Maganar sassafe kuwa daban ce. Da sanyin hunturu giris yakan daskare ya riƙe dunƙulen. Kafin ka kai shi gyara, duba maɓallin zaɓi ko yana kan alamar guduma sosai, sannan ka ɗora bakin a kan tsohon bulo ka bar shi ya yi aiki na minti ɗaya ko biyu. Idan ya ɗumama duka ya dawo, giris ne. Idan har rana ta take bai dawo ba, a canja zobban, a wanke tsohon giris, a sa irin wanda aka yi don injin, daidai gwargwado. Cika shi maƙil ma yana kashe duka.

Abin da na fi gani a wurin gini shi ne yaro ya kwanta a kan injin da ƙirjinsa, wai don ya yi sauri. Wannan ɗabi'a daga ƙaramin injin huda aka ɗauko ta, mai faifai biyu masu haƙora da ke karo da juna, wanda sai an danna yake duka. Na SDS dannawa kaɗan yake so, daidai yadda bakin zai zauna a gurbinsa, domin in bakin yana lilo a iska wasu ramuka ne ke buɗewa a jikin silinda su saki iskar, duka ya tsaya. Ƙarin ƙarfinka ba ya ƙara masa komai sai zafi. In ka ji ya tsaya cak a cikin fila, galibi rodi ya tarar, gusa ramin. Kuma duk lokacin da za ka sa baki, goge gindinsa da tsumma ka shafa masa ɗan giris.