Me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da ɗakin tiyata?

Ka tambaya cewa, tunda likita ne ke rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa mutum kafin tiyata, mene ne aikin mai harhaɗa magunguna a ciki. Ai kuwa aikinsa da yawa, sai dai ba a gaban mara lafiya yake yin sa ba.

Babban abin shi ne lokaci. Ana so allurar ta shiga jijiya cikin minti 60 kafin a tsaga fata, domin maganin ya cika jini a daidai lokacin da aka buɗe jiki. Maganin da ake kira vancomycin kuwa, saboda a hankali ake ɗura shi, ana fara shi cikin minti 120. Mai harhaɗa magunguna ne ke bibiyar wannan tare da mai ba da maganin barci.

Sannan yana duba adadi. Cefazolin, wanda aka fi amfani da shi, giram 2 ake ba babba, amma mai nauyin kilo 120 zuwa sama giram 3. Idan aiki ya kai awa 4, ko jini ya zuba da yawa, sai a ƙara. Yana kuma tantance masu cewa penisilin ba ya karɓarsu, don da yawa ba haka ba ne.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne tsayar da maganin. Wasu likitocin kan bar shi kwana biyar don samun kwanciyar hankali, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 kada a ci gaba da shi bayan an gama aiki. Tsawaitawar ba ta rage ruɓewar rauni, ƙwayoyin cuta kawai take koya wa bijire wa magani.