Amsar da aka tura a guruf kan kwamfutar ofis da ta ƙi shiga domen

Salamu alaikum jama'a. Yauwa ƙanena, na ji muryarka tun da safe, ina kan mashin ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce oganku ya sayo kwamfutocin tebur guda uku, na hannu, ka haɗa ka kunna, biyu sun shiga domen ɗin ofis lafiya lau (wato tsarin da babbar kwamfutar ofis, saba, ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu), ɗaya ta ƙi, kana tambaya ko ka yi mata fomat, wato ka goge komai ka sake zuba Windows. Kada ka yi. Ku yaran nan abu kaɗan sai fomat. Kwamfutar ba ta lalace ba, saba ce ba ta gane ta ba, ko ita ba ta ga sabar ba.

Fara duba wane Windows ne a kanta. In Home ne, ko ka kwana a gabanta ba za ta shiga ba, sai Pro ko Enterprise ko Education. Na san za ka ce ai tare aka sayo su. Kayan Beljiyom ba a cewa tare, kowace da gidan da ta fito.

In Pro ne, to kebul. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, Command Prompt, ka rubuta ipconfig /all. In ka ga lambar adireshinta ta fara da 169.254, to ba ta samu adireshi daga kowa ba, ita ta raɗa wa kanta. Canja kebul, canja rami a suwic, akwatin nan da kebul ɗin kwamfutocin ofis ke haɗuwa. In adireshin ya yi daidai da na sauran biyun, sauka ƙasa ka duba DNS, wato wanda kwamfuta ke tambaya ya nemo mata adireshin wani suna. Nan ne mutanenmu suke ba ni haushi wallahi. Duk wanda ya taɓa kwamfuta sai ya cusa 8.8.8.8 wai don intanet ya yi sauri. Wannan na Google ne. Ina Google ya san sabar da ke ƙarƙashin teburin akanta a ofishinku? DNS ɗin dole ya zama adireshin sabar da ke riƙe da domen, shi ke nan.

Amma ni zargina agogo ne. Tsarin da Windows ke tantance mutum da shi a domen, Kerberos, ba ya yarda a samu bambancin fiye da minti 5 tsakanin kwamfuta da saba, haka yake zuwa sai in an canja. Kuma kada ka kalli kusurwar allo ka ce ai ƙarfe goma ta nuna, daidai ne. Duba yankin lokaci. Kwamfuta ta zo da lokacin Amurka, wani ya gyara awa da hannu bai taɓa yankin ba, a ido daidai, a wurin saba ta yi nisa da awoyi. Namu UTC+1 ne, shi za ka zaɓa tukuna sannan ka saita awa.

Bari in ba ka labari, wasu a nan sun gaji da jinsa amma sai na faɗa. Wani ofis da na taɓa yi wa aiki, ba zan kama suna ba, akwai kwamfutar sakatariya. Kullum da safe sai ta ƙi kalmar sirri, in na zo na taɓa ta sai ta yi, washegari a sake kira na. Na canja kebul, na cire ta daga domen na mayar, na yi fomat har sau biyu, e ni ma na yi, shi ya sa nake hana ka. Manajan har cewa ya yi da gangan nake barin matsala don a riƙa biyana kuɗin mota. Ni! A gaban ma'aikatansa ya faɗa. Ashe masinja ne yake kashe soket in an tashi, batirin da ke kan allon ciki kuma ya mutu, ɗan zagayayyen nan kamar kwabo, CR2032. Muddin tana jone da wuta agogo na tafiya, da an yanke sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Na sa sabo, magana ta ƙare. Har yau mutumin nan bai ce min yi haƙuri ba, kuma ragowar kuɗina... to, a bar wannan.

Ina muke? Yauwa, suna. Tun kafin ka shigar da ita ka ba ta sunanta, kada ya wuce harafi 15, kuma kada ya zo ɗaya da na wata. In wanda ya sayar ya kwafi faifai guda ya zuba wa duka ukun, to suna ɗaya suke ɗauke da shi. A'a tsaya, da haka ne da biyun can ma sun fara rigima da juna. Amma duba dai, ba ya cin lokaci.

In ta shiga, sake kunna ta, kuma shigar farko ta ma'aikacin a yi ta tana jone da kebul ɗin ofis, don sai ta ga saba sau ɗaya kafin ta riƙe sunansa da kalmar sirrinsa. Ka ga foldar ofis ko firinta ba su fito ba, rubuta gpupdate /force a baƙin allon nan, don ta sake ɗauko saitunan ofis daga saba. Maganar ba ma'aikata ikon admin kuwa, wannan sai wata rana, zai ja mu da nisa.

Af, ka gaya wa oganka Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, ya duba kafin ya ƙaro wasu. Yanzu dai ɗauki hoton ipconfig ɗin da na agogon ka turo nan, ina kusa da waya har la'asar.