Tambaya da Amsa: Daga Ina Likita Ya Samo Ikonsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai mahaifiyata wani asibitin gwamnati a nan Zariya, likita ya rubuta magani bai faɗa mana abin da ke damunta ba, da na tambaya kuma sai ya ce aikinsa ne, ba nawa ba. Mai kyamis ɗin unguwarmu ya fi shi sauraron mutane. Don me za mu fifita maganar likita? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ikon likita ba daga farar riga yake fitowa ba. Wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello yakan shafe shekara 6 yana karatu, rabi a aji rabi a ɗakunan majinyata na asibitin koyarwa da ke Shika, sannan ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, wato MDCN, ta yi masa cikakkiyar rajista. Lasisin nasa kuma kowace shekara ake sabunta shi. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne, idan ya yi sakaci akwai kotun ladabtarwa da za ta iya dakatar da shi ko ta soke sunansa. Mai kyamis kuwa, duk da amfaninsa a unguwa, izininsa na sayar da wasu magunguna ne kawai, ba na gano cuta ba.

To amma amsar da aka ba ki ba daidai ba ce, kuma ta sosa mini rai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da haɗarinsu, cikin harshen da yake fahimta. Na san likitocinmu sun yi kaɗan, layi kuma yana da tsawo, sai dai wanda ake biya daga baitulmali amanar jama'a ya ɗauka, bayani kuwa yana cikin aikin.

Ki koma da Hajiya da katinta, domin haƙƙin sanin nata ne, ita za ta amince a yi bayanin a gabanki. Idan an sake ƙi, ki nemi babbar nas ko ofishin karɓar koke na asibitin, ki rubuta rana da lokaci. Kada Hajiya ta daina shan maganin kafin nan.