Filin Masu Karatu: Littattafan da Suka Dace da Hutun Kirsimeti

Tun da hunturu ya fara kaɗawa, yawancin wasiƙun da ke iso wannan fili suka karkata ga batun abin da za a karanta a hutun ƙarshen shekara. Na zaɓi guda uku da na ga sun ɗauke nauyin sauran.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma hutun Kirsimeti ne kaɗai lokacin da nake samun sararin zama da littafi. Na taso da karatun littattafan soyayya na Hausa, amma a bana na ga shagon da nake zuwa ya cika da na Turanci masu bango ja da kore, an ce na Kirsimeti ne. Me ya bambanta su da sauran? Da wanne zan fara? Kuma ko zan iya barin 'yata mai shekara 16 ta karanta su? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Uwargida, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Abin da kika gani a shagon nan tsohuwar sana'a ce a Ingila da Amurka. Kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin, wanda aka kafa a Kanada a 1949 ya kuma saye na farkon a 1971, sukan fitar da jerin littattafai na musamman duk ƙarshen shekara, domin sun san lokacin ne mutane ke neman abin kyauta da abin ɗebe kewa a dogayen daren sanyi. Ƙa'idar irin wannan adabi guda biyu ce: soyayyar mutum biyu ita ce ƙashin bayan labarin, kuma dole a ƙare cikin farin ciki. Mai karatu ya san wannan tun kafin ya buɗe shafin farko, don haka daɗin yana cikin hanyar da aka bi aka kai can.

Abin da Kirsimeti ke ƙarawa shi ne komawa gida. Sau da yawa za ki tarar da mace da ta yi shekaru a babban birni tana neman abin kanta, hutu ya mayar da ita ƙaramin garin da aka haife ta, ta iske tsohon saurayi, ko 'yar'uwar da suka yi shekaru ba sa ga maciji, ko mahaifin da tsufa ya fara cimmasa. Wani lokaci dusar ƙanƙara ce ke rufe hanya, ta tsare mutum biyu a gida ɗaya har su fahimci juna. Wani lokaci kuma magidanci ne da matarsa ta rasu ta bar masa yara, ya rasa yadda zai yi musu biki. Duk wanda ya taɓa ganin tashar mota a makon ƙarshe na Disamba, mutane da buhunan shinkafa da kaji suna haramar tafiya ƙauye, ya san wannan yanayi ko bai taɓa ganin ƙanƙara ba. A ganina nan ne ƙarfin littattafan yake, kuma da wannan ma'auni nake raba mai kyau da na banza. Wanda ya cika shafukansa da fitilu da bishiyar ado da kofin koko mai zafi, amma babu wanda ya sadaukar da wani abu ko ya nemi gafarar wani, bango ne kawai aka sayar miki.

Saboda haka ina ba ki shawarar ki fara da gajeren labari, tsoho, wanda ba zai ci miki minti ashirin ba: The Gift of the Magi na marubucin Amurka O. Henry, wanda ya fito a 1905. Labarin wasu ma'aurata ne matalauta, Della da Jim. Ana gobe Kirsimeti, duk abin da Della ta iya tarawa dala 1 ne da santi 87. Abu biyu kaɗai suke alfahari da shi a gidan, dogon gashinta da agogon aljihu na zinariya da Jim ya gada daga mahaifinsa da kakansa. Sai ta je ta sayar da gashinta dala 20, ta sayo masa sarƙar agogo. Da ya dawo da yamma sai ga shi da matazan ado da ta daɗe tana sha'awa, waɗanda ya sayar da agogon ya saya mata. Kowace kyauta ta rasa amfaninta, amma kowannensu ya ga iyakar matsayinsa a zuciyar ɗan'uwansa. Na karanta labarin nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma har yanzu yakan taɓa ni. Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, ana samunsa kyauta a intanet.

Idan kina son cikakken littafi na zamani, ki nemi na Debbie Macomber, Ba'amurkiyar da ta shahara da fitar da labaran Kirsimeti kusan kowace shekara. Mrs. Miracle, na 1996, yana ba da labarin wani magidanci da matarsa ta rasu ta bar masa tagwaye maza masu ƙiriniya, duk mai aikin da aka kawo sai ta gudu, har wata dattijuwa ta zo ta zauna, ta gyara gidan, ta kuma zama sanadin haɗuwarsa da wata mace da ke ɗauke da tsohon ɓacin rai tsakaninta da 'yar'uwarta. Rubutunta mai sauƙi ne, kuma tana da kunya a alƙalaminta.

Wannan ya kawo mu ga batun 'yarki. Kada bango ya yaudare ki, domin a 'yan shekarun nan an koma yi wa littattafan manya bango mai zanen da ya yi kama da na yara, alhali a ciki akwai bayanin kwanciya ƙarara. Akwai jerin da aka keɓe wa masu son labari mai tsabta, kamar Love Inspired na Harlequin, wanda aka gina kan tarbiyyar addinin Kirista, kuma sunan jerin yana rubuce a bango. Wanda ba ki san jerinsa ba, ki riga ta karantawa. Ina ma ganin ya fi kyau ku karanta littafi ɗaya a mako ɗaya ke da ita, ku tattauna a kan abin da jarumar ta yi daidai da inda ta yi kuskure, domin yarinya mai shekara 16 takan faɗi ra'ayinta a kan soyayyar cikin littafi alhali ba za ta taɓa buɗe baki a kan tata ba. Kuna iya farawa da Little Women na Louisa May Alcott, na 1868, wanda ya buɗe da Kirsimetin 'yan mata huɗu da mahaifinsu ke bakin daga a yaƙin basasar Amurka, suka ɗauki karin kumallonsu na ranar biki suka kai wa wasu maƙwabta mabuƙata.

TAMBAYA: Ina koyarwa a makarantar Lahadi, ajin yara 'yan shekara 4 zuwa 8. An ba mu kyautar kwali guda na littattafan yara masu hotuna daga ƙasar waje, amma duk dusar ƙanƙara ce da bututun hayaƙi da Baban Kirsimeti. Yaranmu ba su san waɗannan abubuwa ba, wasunsu ma ba su fara jin Turanci ba. Shin littattafan za su amfane su? Daga wani malami a Kafanchan.

AMSA: Malam, za su amfane su ƙwarai, in dai ka ɗauke su a matsayin tatsuniyar wata ƙasa, ka kuma gaya wa yaran haka tun farko. Yaro ba ya gudun baƙon abu. Wanda ya yarda Gizo na magana da Ƙoƙi ba zai sha wahalar yarda da mutumin ƙanƙara da ke tashi sama ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya ɗauka cewa Kirsimeti na gaskiya sai inda ƙanƙara ke zuba, nasu na ƙura da tsagewar leɓe da sabon ɗinki na biyu ne. Maganin wannan yana bakinka. Ka nuna musu hoton, ka ce a ƙasarsu sanyi da haka yake zuwa, sannan ka tambaye su yadda namu yake zuwa.

Ka fara duba kwalin ko akwai The Snowman na Raymond Briggs, na 1978. Babu kalma ko ɗaya a cikin labarin, zane ne da fensir mai launi daga farko har ƙarshe. Yaro ya gina mutum da dusar ƙanƙara, cikin dare mutumin ya rayu, suka zaga gida, suka yi shawagi a sama, da gari ya waye yaron ya fito ya tarar ya narke. Tun da babu rubutu, babu shingen harshe, kuma kana iya sa yaran su ba da labarin da Hausa, shafi bayan shafi, kowa da nasa. A littafin ma babu Kirsimeti, fim ɗin da aka yi a 1982 ne ya shigo da Baban Kirsimeti. Ka shirya wa shafin ƙarshe, domin wasu yara sukan yi shiru, wasu su tambayi inda mutumin ya tafi, kuma tambaya ce da ta cancanci a amsa ta a hankali, musamman ga yaron da aka yi wa rasuwa a shekarar.

How the Grinch Stole Christmas! na Dr. Seuss, na 1957, yana da darasin da ya dace da ajinka. Wani mai baƙin rai ya sace duk kyaututtuka da abincin mutanen gari a daren biki, yana jiran ya ji kukansu, sai ya ji sun fito suna waƙa hannu da hannu. Amma a waƙe aka rubuta shi, da kalmomin da marubucin ya ƙirƙira, don haka kada ka yi ƙoƙarin fassara shi layi-layi. Ka karanta shi a gida, ka riƙe labarin a kai, ka zo ka ba da shi da Hausa kana nuna hotuna. Haka ma The Polar Express na Chris Van Allsburg, na 1985, wanda ya ci lambar Caldecott, lambar yabon Amurka ta littattafan yara masu hotuna, a 1986 saboda zanensa. Hotunan jirgin ƙasa cikin dare kaɗai sun isa su riƙe aji.

Idan cocinku na da ɗan kuɗin ƙara littafi, ku nemi waɗanda yaran za su ga fuskarsu a ciki. Ifeoma Onyefulu ta yi An African Christmas da hotunan kyamara da ta ɗauka a Najeriya, labarin wani yaro Afam da ke haɗa kayan dodonsa na biki. Ga waɗanda suka fara karatu da kansu kuma akwai Have Fun, Anna Hibiscus! na Atinuke, marubuciyar da aka haifa a Ibadan, inda wata yarinya ta bar gidansu mai cike da dangi a Afirka ta tafi Kanada wurin kakarta don ta ga ƙanƙara a karon farko. Wannan zai yi maka rabin aikin bayanin da na ambata.

Kuma kada kwalin ya sa a manta da asalin labarin, wanda yake hannunku da Hausa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Sura ta 2 ta Luka tana da ƙidayar jama'a, da tafiya Baitalami, da masaukin da ya cika, da komin dabbobi, da makiyaya masu kwana a fili suna tsaron garkensu. Sura ta 2 ta Matiyu tana da masana taurari daga gabas da kyautarsu ta zinariya da lubban da mur. Yaron Kafanchan ya san makiyayi, ya san garke, ya san jaki da turare, ya fi yaron Landan kusa da duniyar wannan labari. Ka ba su takarda da fensir, kowa ya zana aya ɗaya, ka ɗinke takardun da zare da allura, ajin ya samu littafinsa na kansa.

TAMBAYA: Ni Musulmi ne, maƙwabcina Kirista ne, shekara goma sha biyu muna zaune lafiya. Duk Kirsimeti sukan aiko mana da abinci, mu ma mukan aika musu da nama a Babbar Salla. A bana ina so in ba 'ya'yansa littafi. Shin littafi zai yi a matsayin kyauta, ko za a ga kamar na yi rowa? Daga wani magidanci a Kaduna.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara danƙon zumunci. Littafi zai yi, har ma akwai ƙasar da ta mayar da shi babbar kyautar wannan lokaci. A Aisland, tsibirin da mutanensa ba su kai rabin miliyan ba, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an taƙaita shigo da kayayyaki da yawa amma takarda ta fi sauran samuwa, sai littafi ya zama abin da kowa ke iya ba ɗan'uwansa. Tun 1944 masu ɗab'i na ƙasar ke fitar da kundin sababbin littattafai gabanin biki, kuma al'adar da suke kira ambaliyar littattafan Kirsimeti ta zauna har yau. A daren 24 ga Disamba ake miƙa kyaututtuka, da yawa kuma su kwana suna karanta abin da aka ba su.

Ga manyan yaran, ka nemi A Christmas Carol na Charles Dickens a sauƙaƙƙen bugu na ɗalibai. Ya fito a Landan ranar 19 ga Disamba 1843, kuma kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar bikin. Labarin wani attajiri ne marowaci, Scrooge, da aka nuna wa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa a dare ɗaya, ya wayi gari ya aika wa gidan akawunsa da babban talotalo, ya ƙara masa albashi, ya ɗauki nauyin ɗan akawun mara lafiya. Babu gidan Musulmi ko na Kirista da zai ƙi wannan darasi. Ga ƙananan kuwa, kowane daga cikin waɗanda na ambata wa malamin Kafanchan zai yi.

Ka rubuta sunan kowane yaro da shekarar a shafin farko da hannunka, ka sa sunan gidanka a ƙasa. Ka kuma kai kyautar kwana biyu ko uku kafin ranar, lokacin da an rufe makaranta, gidan bai cika da baƙi ba tukuna, yaran na da sararin zama su buɗe.